Masu cigiyar kuɗin da aka manta a Amurka: sana'a ce, amma doka ta sa mata linzami

A Amurka akwai mutanen da sana'arsu ita ce su nemo ka, su shaida maka cewa kana da kuɗin da ka manta da su, sannan su karɓi la'adarsu. Jin haka dai sai ka ce 'yan damfara ne. Wasunsu kam hakan suke, amma ita sana'ar doka ta san da ita.

Ga yadda abin yake. Idan asusun banki ya yi shiru, ko an rubuta wa mutum cakin albashinsa na ƙarshe bai je ya karɓa ba, ko kuɗin inshorar mamaci ba a san inda magadansa suke ba, kamfanin ba ya da ikon cinye kuɗin. Bayan wasu shekaru, galibi 3 zuwa 5, dole ya miƙa su ga gwamnatin jiha ta ajiye. Ofishin kwanturolan jihar New York kaɗai na riƙe da biliyoyin daloli irin waɗannan.

A nan ne dillalan ke samun abinci. Sukan bi jerin sunayen da jihohi ke wallafawa, su tono tsoffin adireshi da sanarwar rasuwa har su kai ga mai kuɗin ko magajinsa. Aiki ne na haƙuri: ana iya shafe watanni ana bin sawun mutum ɗaya, a ƙarshe ya ce na gode, ya je ya karɓi abinsa da kansa, dillali ya tashi a tutar babu.

To amma kowace jiha da nata ƙa'idojin. A California da Texas la'adar ba ta wuce kashi 10 cikin 100, a New York kashi 15. Florida ta fi tsanani wajen wanda zai shiga harkar: sai lauya, ko akanta, ko mai binciken sirri da ke da lasisi, kuma sai ya yi rajista da hukuma. Jihohi da dama sun hana a ƙulla yarjejeniya sai kuɗin sun cika wata 24 a hannun gwamnati, don a ba hukuma damar neman mai su tukuna. Yarjejeniyar kuma a rubuce take, da sa hannun mai kuɗin.

Abin da dillali ba zai yi saurin faɗa maka ba shi ne, neman kyauta ne. Shafin MissingMoney.com, wanda ƙungiyar jami'an jihohi masu kula da wannan dukiya ke mara wa baya, suna kawai ake rubutawa. A ganina ba a buƙatar dillali sai inda maganar ta cakuɗe, misali gado mai magada da yawa a ƙasashe daban-daban.

Wannan ya shafe mu ma. 'Yan'uwanmu na Yamai, Kumasi da Accra da suka yi shekaru suna tuƙin tasi a Bronx suka dawo gida, ko suka rasu a can, ba mamaki sun bar wani abu a banki. Sai dai a gwada sunan ta kowace fuska, don Mahamadou na takardar Nijar yana iya zama Mohammed a littafin banki. Wanda kuma ya bugo waya ya ce a fara turo masa kuɗin aiki, a kashe wayar, domin dillalin gaskiya sai kuɗin sun fito yake cire nasa.