Wa Ya Ce Ƙasa Tana Cinye Baƙin Mai?

A garejin makanikai da dama a Maiduguri, ƙasar gindin darbejiya ta yi baƙi ƙirin saboda man inji da ake tuttulawa. In aka yi wa mai gareji magana, amsarsa ɗaya ce: "Ai ƙasa ce, za ta cinye." Wasu har yayyafa shi suke yi a ƙofar shago wai don ƙura ta kwanta.

Akwai ƙanshin gaskiya a maganar, shi ya sa ta ƙi mutuwa. Cikin ƙasa akwai bakteriya irin su Pseudomonas da ke cin mai. Masana ma sun samo dabarar bin sawunsu. A 1962 Osamu Shimomura, ɗan Japan, ya gano sinadarin GFP a jikin wata halittar teku, wanda ke bayar da koren haske in an haska shi da shuɗiyar fitila. Aikin ya kai shi ga kyautar Nobel a 2008 tare da Martin Chalfie da Roger Tsien. Yanzu ana dasa ƙwayar gadon wannan haske a jikin bakteriya, a zuba su cikin gurɓatacciyar ƙasa, a riƙa ɗibar samfur ana duba inda suka kai da yawan waɗanda suka rayu.

Abin da ake gani ba ya goyon bayan mai gareji. Sau da yawa ƙwayoyin raguwa suke yi. Suna buƙatar danshi da iska da taki, ga shi ƙasar Borno tana shafe watanni a bushe ƙamas. Man da ya yi kauri kuwa toshe musu iskar yake yi. Ƙarafa masu guba da ke cikin man, irin su dalma, babu bakteriyar da ke narkar da su. A Ogoni ma, inda ruwan sama ya wadata, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar da mai ya gurɓata zai iya cin shekara 30.

Sannan ga ruwa. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ambaliya ta mamaye Gwange da kasuwar Monday, ba ta bambance ƙasar gareji da bakin rijiya ba.

Don haka a tari man a daro, a juye cikin jarka mai murfi, a sayar wa masu saye. Kada a zuba a kwata ko a masai. Wanda ya zube, a rufe shi da yashi ko garin katako, a kwashe tun bai nutse ba. Yara masu koyon aiki kuma su daina tsoma hannu tsirara a ciki.