Daga Tatsuniya Zuwa Littafi: Matsayin Kogi a Labaran Ruwan Bagaja

Ɗalibai da yawa in aka ce Ruwan Bagaja, littafin Abubakar Imam kaɗai ke zuwa musu a rai. Alhali sunan ya girmi littafin, domin akwai tatsuniya mai wannan suna wadda ake yi wa yara da dare tun kafin zuwan boko. Wannan takarda za ta duba aikin da ruwa ya yi a cikin labaran biyu.

A tatsuniyar, rikicin na cikin gida ne. Mutum yana da mata biyu, mowa da bora, kowace da 'yarta. 'Yar mowa ta ɓata buzun mahaifinsu, aka ɗora wa 'yar bora laifin, aka ce ta je Ruwan Bagaja ta wanke. Ta kama hanya ita kaɗai. Duk gulbin da ta tarar sai ta tambaye shi da waƙa ko shi ne Bagaja, shi kuma ya amsa cewa ba shi ba ne, ya yi mata tayin abin da ke gudana a cikinsa, domin gulaben na abinci ne. Ba ta taɓa ko ɗaya ba. Bayan ta cika aikinta, ta nuna ladabi ga abubuwan al'ajabin da ta gamu da su, aka ba ta ƙwai, ta fasa, dukiya ta fito. 'Yar mowa ta bi sawu da kwaɗayi da rashin kunya, ta komo da wahala.

Abin lura a nan shi ne gulbi yana magana, yana kuma gwada hali. Kowane gulbi jarrabawa ce, kuma maimaita waƙar a bakin kowannensu shi ke ba yaran da ke sauraro damar amshi. Sigogin tatsuniyar sun bambanta wajen yawan gulaben da abin da ke cikinsu, don haka kada ɗalibi ya ɗauki wadda ya ji a gida ita kaɗai ce daidai.

Imam kuwa ya rubuta nasa ne don gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933 ƙarƙashin Hukumar Fassara ta Zariya, lokacin yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina. Ya ari sunan, amma ya sauya masa aiki. Tauraron yanzu namiji ne, Alhaji Imam. Ɗan Sarki ba shi da lafiya, Liman ya ce Ruwan Bagaja ne maganinsa, Sarki ya yi masa izgili a gaban jama'a. Don ya wanke uban da ya riƙe shi daga wannan kunya, Alhaji ya fita neman ruwan. Ke nan iyali ne mafarin tafiya a labaran biyu, sai dai 'yar bora korarta aka yi, Alhaji kuwa shi ya kori kansa.

A littafin ruwan ya zama abin nema da ke can ƙarshen tafiya, a ƙasar aljannu. Ba ya magana, ba ya gwada kowa. Wanda ya gaji aikin gulaben shi ne Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Gari bayan gari suna haɗuwa da Alhaji, wannan ya yi wa wancan ƙeta, wancan ya rama, har gabar ta rikiɗe ta zama abota. A ganina nan ne daɗin littafin yake, domin mai karatu kan manta da ruwan na shafuka da dama yana jiran karo na gaba. Amma a duba bambancin: 'yar bora da kunya da haƙuri ta tsira, Alhaji kuwa da wayo, wani lokaci har da ƙarya.

Aiki ga ɗalibi: a nemi wata tsohuwa ta yi tatsuniyar, a rubuta ta yadda ta faɗa, a ƙirga gulaben, sannan a kwatanta su da haɗuwar Alhaji da Zurƙe.