Gwanjo a Jimeta: daga dilar Kwatano zuwa akwatin lefe

Da zarar iskar hunturu ta kaɗa a watan Nuwamba, kasuwar gwanjo ta buɗe ke nan a Jimeta. Daga Babbar Kasuwa har bakin titunan Jambutu da Damilu, rigunan sanyi da barguna da safar yara ne a baje kan leda. Ranar fasa dila kuwa sai wanda ya gani: mai kaya ya datse ɗaurin, tufafi su kumbura su zube, warin maganin nan ya tashi, 'yan sari su yi caa a kai, kowa na fizgar na gaban goshi kafin a bar wa na baya tarkace.

A takarda, waɗannan kaya haramtattu ne, domin suna cikin jerin abubuwan da Hukumar Kwastam ta hana shigowa da su kwata-kwata. Amma ana sauke su a tashoshin Kwatano da Lome, su ratso iyaka zuwa Legas da Aba da Ƙofar Wambai ta Kano, sannan su watsu. Ko rufe iyakokin da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 bai tsayar da su ba, tsada kawai ya ƙara musu. A ganina wannan doka ba ta kare kowa: gwamnati ba ta samun haraji, kuɗin da aka kashe a hanya kuma mai saye ne ke biya.

Ana yawan ɗora wa gwanjo alhakin mutuwar masaƙunmu, kuma zargin ya yi yawa. Kamfanin KTL na Kaduna, wanda aka kafa a 1957 ya tsaya a 2002, da UNTL da ya rufe a 2007, atamfa da yadi suke yi, ba wandon jins ko rigar sanyi ba. Rashin wuta da tsadar baƙin mai da atamfar Sin ta fasa-ƙwauri su suka fi karya su. Ruwanda ta ƙara wa gwanjo haraji har Amurka ta janye mata rangwamen shigar da tufafi a 2018, amma ita ta haɗa matakin da ƙoƙarin kafa kamfanonin ɗinki. 

Abu biyu suka sauya fuskar kasuwar a Jimeta. Na farko, lokacin da Boko Haram ta kama Mubi a Oktoban 2014, dubban mutane sun kwararo da kayan jikinsu kaɗai. Gwanjo ya tufatar da su, ya kuma zame wa wasunsu sana'ar da ƙaramin jari ke isa. Na biyu, cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira da ya biyo baya. Dalar da ake canzawa a hukumance kusan naira 460 ta haura 1,500 a 2024, ita kuwa dila da dala ake sayo ta. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, har ma da na sama da shi, ya ajiye kunya ya durƙusa gaban leda. Shi ke kwashe zaɓin farko yanzu, talakan da kasuwar ta ginu a kansa ya koma tsintar ragowa.

Akwai kuma gwanjon cikin gida, wanda ba a cika lissafa shi ba, shi ne kuma ya fi ci mini rai. Dillaliya ta daɗe tana zaga gidaje da ƙunshinta a ka, sai dai abin da ake miƙa mata ya sauya. Da, kayan da aka gaji da su ne. Yau turmin Holan ne da ya kwana shekara ashirin a ƙasan akwatin lefe, ko jeren kwalla da tasoshin da uwa ta bar wa 'yarta, ko ƙorai masu zanen ƙuna waɗanda aka san matan Adamawa da su. “Don Allah, Iya, kada ki faɗi ko na wane ne,” abin da mai kaya ke fara cewa ke nan, saboda kuɗin makaranta ko na magani ne ya tilasta.

Haka abin yake wajen rabon gado. Babbar riga mai aska takwas, ɗinkin hannu na watanni, ba ta rabuwa tsakanin magada tara, sai a yi mata kuɗi. A da wani ɗa ke karɓa a cire daga rabonsa, ya riƙa saka ta ranar Sallah ana tuna mahaifinsa. Yanzu kowa kuɗin yake buƙata, rigar ta fita gidan. Mai saye kuma da shaddar kanti yake auna ta, bai san wanda ya ɗinka ba balle wanda ya saka, don haka ko kuɗin zarenta ba ta mayarwa.