Ƙuri'ar Raba-Gardama ta Bayan Fage: Yaushe Take Cancantar Shiga Kundin Sani?

Gabatarwa

A hutun da ya wuce na je gida Zungur, a Bauchi, sai wani kawuna ya ji cewa ina cikin ɗaliban da ke rubuta maƙaloli a Wikipedia ta Hausa. Ya kira ni ya ce, "Ɗana, ka sa mana ƙuri'armu a ciki." Yana nufin wata ƙuri'a da suka shirya tun suna samari, inda suka tambayi mutanen unguwa ko suna son a ba su nasu mai unguwa. Ba hukuma ce ta shirya ba, ba ta kuma karɓi sakamakon ba. Na ce, "To Kawu, bari in bincika." Abin da binciken ya nuna mini shi zan kawo a nan.

Ma'anar Ƙuri'ar Raba-Gardama

Ƙuri'a ce da ake jefa wa magana, ba ɗan takara ba. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na watan Fabrairu 1961, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tambayi mutanen Arewacin Kamaru ta Ingila inda za su shiga. Mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru, daga nan aka sami Lardin Sardauna. Wannan ba ta da gardama, domin ta sauya iyakar ƙasa. Matsalar tana ga wadda jama'a suka shirya da kansu.

Ma'aunan Tantancewa

Na farko shi ne shaida mai zaman kanta. Shin wani wanda ba ya cikin masu shiryawa, kamar ɗan jarida ko manazarci, ya yi cikakken rubutu a kanta? Masu iya magana kan ce yabon kai jahilci. A watan Maris 2014 wata ƙungiya a yankin Veneto na Italiya ta gudanar da ƙuri'ar ɓallewa ta intanet, ta ce fiye da mutum miliyan 2 sun jefa. Jaridu sun yi tababar wannan adadi. Don haka mai rubutu zai ce "masu shiryawa sun ce", ba zai kawo adadin a matsayin tabbas ba.

Na biyu shi ne tasiri. Ranar 13 ga Satumba 2009, wani ƙaramin gari mai suna Arenys de Munt a Kataloniya ta ƙasar Sifaniya ya yi ƙuri'ar neman 'yanci ba da yardar gwamnati ba. Waɗanda suka jefa ba su kai 3,000 ba. Amma ɗaruruwan garuruwa sun kwaikwaye shi, har birnin Basalona a 2011, sannan a Nuwamba 2014 fiye da mutum miliyan 2 suka shiga irinta a faɗin yankin. Ashe ƙanƙanta da rashin hatimin hukuma ba su hana cancanta.

Na uku shi ne ɗorewa. In bayan shekaru ana ci gaba da ambaton abu a littattafai, ya zama tarihi. In kuwa ya mutu a makonsa, labarin jarida ne kawai.

Hukuncin da Na Yanke

Da na auna ƙuri'ar Kawu, ban sami komai ba sai bakinsa da na abokansa biyu, kuma ko a kan shekarar ba su daidaita ba. Na koma na durƙusa na ce, "Kawu, a yi haƙuri, ba za ta shiga ba tukuna." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato abin da Bature bai rubuta ba bai faru ba ke nan?" Maganar ta tsaya mini a rai, domin akasarin tarihinmu a ka yake. Sai dai kundin sani ba ya fara kawo labari, tattara abin da aka riga aka tantance yake yi.

Kammalawa

Saboda haka aikin yana wuyanmu, mu ɗaliban Hausa. Mu ɗauki rakoda mu zauna da dattawa, mu gwada maganar wannan da ta wancan, mu nemi takardun da suka rage, mu mayar da su kundin digiri da maƙalun mujallu. Ni dai na yi wa Kawu alƙawarin hira ta farko da shi za a yi, kafin masu labarin su ƙare.