Yadda jirgin Osprey ke tsayawa cak a sararin sama

Ranar 31 ga Oktoban 2020, lokacin da dakarun Amurka suka shigo arewacin Najeriya suka kuɓutar da ɗan ƙasarsu da aka sace kusa da Birnin Ƙonni, akwai jiragen CV-22 Osprey cikin ayarin. Jirgi ne mai tashi kamar mai saukar ungulu, sa'annan ya kwantar da farfelolinsa biyu gaba ya sheƙa.

Wahalar tana wajen tsayuwa wuri guda. Ba shi da farfelar wutsiya. Manyan biyun ke juyawa saɓanin juna, kowace tana soke murɗawar 'yar'uwarta. In ya karkata hagu, sai a ƙara wa farfelar hagu kamun iska. In zai waiwaya, a sunkuyar da ɗaya gaba, ɗaya baya. A Afrilun 2000, a jihar Arizona, saukowa da gaggawa ta sa farfela ɗaya ta kasa ɗaukar nauyi, jirgin ya kife, sojoji 19 suka mutu.

Matashin Gumel ko Maigatari da zai haɗa ƙaramin irinsa mai rimot yana da sauƙi: saurin injin lantarkin kowane gefe ake sauyawa. Amma dole ya sanya na'urar auna karkata, mai gyara sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa, domin yatsa ba ya cim ma iskar hunturu.