Daga wankan jego zuwa layin awo: rayuwar sabbin iyaye a Safo

A ƙauyukan Safo, ƙaramar hukumar karkara da ke kudu da birnin Maraɗi cikin gundumar Madarunfa, ba mata da miji kaɗai ke tsara fitar jariri ba. Kaka na da ta cewa, malaman asibiti na da tasu, sai kuma damina da zafin bazara da ba sa neman shawarar kowa.

Mai haihuwar fari galibi gidan iyayenta take komawa goyon ciki. Rana ta bakwai a raɗa suna, a yanka rago, wanzami ya yi aski. Daga nan mai jego na gida har ta yi arba'in, tana wankan ruwan zafi safe da yamma, tana shan kunun kanwa. Ango kuwa, wanda jiya yake zaman shayi da abokai, yau shi ne mai neman itacen dafa ruwa, kuma itace ba ya araha a wannan yanki.

A kan wannan wanka ne ake yawan samun saɓani tsakanin matasa da tsofaffi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da yawan kanwa da zafin da ake gasa jiki da shi. Kumburin ƙafafu, haki, da kasa kwanciya a miƙe alamu ne na zuwa asibiti nan take. Amma yarinya 'yar shekara 18 ba ta iya cewa uwarta a rage kanwa, miji kuma yana jin nauyin surukarsa. Inda abin ke yin sauƙi shi ne gidan da kakar da kanta ta raka 'yarta awon ciki, ta ji bayanin da kunnenta. Haka zancen cire belu da ɗura wa jariri ruwa ko jiƙo: asibiti na cewa nono zalla har wata 6, har da dakashin farko da wasu ke matsewa su zubar, tsofaffi kuma na ganin zalunci ne a hana yaro ruwa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Fitar farko ta gaskiya ita ce yawon arba'in. Uwa ta ci ado, ta saɓa jariri a baya, ta ɗaure da majanyi, ta bi gidajen dangi tana godiya, ana ba ɗan sabulu ko 'yan kuɗi. Amma kalandar rigakafi ba ta jiran al'ada. Akwai allurar BCG da ɗigon shan inna tun haihuwa, sai a koma a mako 6, da 10, da 14, sannan ta ƙyanda da shawara a wata 9. Mako 6 kwana 42 ne, wato kusan daidai da gama wanka, shi ya sa mata da yawa ke haɗa yawon da zuwa awo a CSI, katin yaro a naɗe cikin leda.

Yankin na da tarihi a wannan fanni. A gundumar Madarunfa ne cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitoci ta MSF ta gwada rigakafin gudawar rota mai jure zafi a kan jarirai fiye da 3,500. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna kariya kusan kashi 67 cikin 100 daga gudawa mai tsanani, kuma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da maganin.

Tun 2006 Nijar ta ce kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Kuɗin kabu-kabu dai ba kyauta ba ne, haka ma maganin da aka rubuta a saya a waje idan na asibiti ya ƙare. Da damina, lokacin da Gulbin Maraɗi ya kawo ruwa, hanyoyin ƙasa suka yi laka, sauro ya yi yawa, sai tafiyar ta ƙara wuya daidai lokacin da zazzaɓi ya fi kama yara. A watannin nan ne ake bi gida-gida da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ga yara daga wata 3 zuwa 59. Jaririn da bai kai wata 3 ba, gidan sauro ne kawai garkuwarsa, kuma idan jikinsa ya yi zafi ba a jira wayewar gari biyu.

Tafiya mai nisa ta ragu. Dangi da dama na ƙetaren iyaka, a Jibiya da Katsina ta hanyar Ɗan Isa, amma rufe iyakar da aka yi na wani lokaci bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da fargabar masu garkuwa da mutane a kudancin gundumar, sun sa ana tunani sau biyu kafin a ɗauki jariri a bi hanya. Da yawa sun gwammace tura hoto ta WhatsApp.

Ta wannan wayar ce ma ubannin da ke ci-rani a Najeriya, Libiya ko Aljeriya ke fara ganin 'ya'yansu. Su aiko kuɗin rago da turmin atamfa, a yi suna ba su nan. Abin da aka fi mantawa a cikin aiken shi ne takardar haihuwa. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa, idan wa'adin ya wuce sai an bi ta wurin alƙali, kuma yawanci ba a tuna da ita sai yaro ya kai ga jarrabawar makaranta.