Sauro da mai ciki: sange da awo sun fi fiya-fiya

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da tabkuna da kududdufai ke cika a Maraɗi, Damagaram da Tawa, ɗakunan jinya su ma cika suke yi da masu zazzaɓin cizon sauro. Ƙananan yara aka fi magana a kansu. Amma akwai wanda cutar ke taɓawa tun bai zo duniya ba, wato ɗan da ke cikin mahaifiyarsa.

Sauro ba ya kai wa gare shi, ta jikin uwar ake bi. Ƙwayar cutar tana da halin taruwa a mabiyiya, inda ɗan ke samun abinci da iska. Mace tana iya ci gaba da daka da wanki, ba zazzaɓi ba ciwon kai, alhali jininta na raguwa, ɗanta kuma ba ya samun abin da zai gina shi. Daga nan ake samun ɓari, da bakwaini, da jaririn da bai kai kilo 2 da rabi ba. Mai cikin fari ta fi kowa shiga haɗari, domin jikinta bai taɓa karo da irin wannan tarin ƙwayar a mabiyiya ba.

Sauron ma ya fi son ta. Wani bincike da aka yi a Gambiya, aka wallafa a shekara ta 2000, ya gano mai ciki na jawo sauro kusan ninki biyu na wadda ba ta da ciki: numfashinta ya fi yawa, jikinta ya fi ɗumi, ga yawan fita fitsari cikin dare.

A gidaje da dama, da sauro ya dame mutane sai a ɗauko fiya-fiya a yayyafa a ɗaki, a ja ƙofa. Wannan ruwa maganin ƙwarin gona ne, guba ce mai shiga ta numfashi da fata, ba a yi shi don ɗakin kwana ba, balle ɗakin mai juna biyu. Igiyar leƙo ba ta kai shi muni ba, sai dai hayaƙinta a rufaffen ɗaki har asuba ba alheri ba ne ga ƙirji, kuma ba ta maye gurbin sange.

Sange mai magani, irin wanda ake rabawa a wurin awo, shi ne kariyar da ba ta cutar da uwa ko ɗa. Sabo a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a ɗaura, ƙaiƙayin da wasu ke kuka da shi zai ragu. A wanke da sabulun wanka, a shanya a inuwa, a ɗinke duk wata ƙofa da ta ɓullo. Wadda zafi ya kora tsakar gida ta fita da shi, sanduna huɗu sun isa. Abin takaici, sau da yawa sangen da aka bai wa mace yana ƙarewa cikin jakar kaya ana ajiyar baƙo, ko ya zama shingen shuka.

Kariya ta biyu tana wurin awon ciki, a CSI. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce da zarar ciki ya wuce wata 3, a fara bai wa mace ƙwayoyin SP, waɗanda aka fi sani da Fansidar. Ƙwaya 3 ake sha lokaci guda a gaban ungozoma, a bar aƙalla wata ɗaya tsakanin sha da sha, kuma a sha sau 3 ko fiye kafin haihuwa. A nan kunya ke yi mana ɓarna. Amarya ta ɓoye cikin fari sai ya fito fili, ta je awo a wata na 7, lokacin sauran sha kaɗan, ita da ta fi kowa buƙatarsa.

Ga maigidan da ke bida a Legas, Abijan ko Libiya, aika kuɗi kawai bai wadatar ba. In an yi waya, a tambaya: ta fara awo? Sau nawa aka rubuta mata SP a katinta? An ɗaura sangen ko yana cikin leda? Kuɗin kabu-kabu zuwa likita, da izinin fita da wasu ke jira daga bakin miji, su ne ke hana awo sau da yawa.

In zazzaɓi ya zo duk da haka, ba a jira gobe. A je a yi gwajin ɗan yatsa, ma'aikacin lafiya ya zaɓi maganin da ya dace da watannin cikin. Ƙwayoyin masu talla a faranti da jiƙon sassaƙe ba a san ƙarfinsu ba, wasu kuma na iya taɓa cikin.

Bayan haihuwa jariri ya kwana cikin sange tare da uwarsa. Ba a shafa masa man korar sauro kafin ya cika wata 2, maganin rigakafin damina da ake bi gida-gida ana bai wa yara kuma sai ya kai wata 3 ake fara ba shi.